Kalma Ma Tana Da Dangi: Raddi Ga Masu Haddar Ƙamus

Kafin in ce komai ina neman afuwar manyanmu, domin abin da zan faɗa a wannan fili zai taɓa wasu daga cikinsu, to amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya tayar da ni shi ne wata shawara da na ji an ba ƙannenmu a zaman karatunmu na wata-wata. Wani yaro mai ƙwazo, wanda ya kwana biyu yana rubuta gajerun labarai da Hausa, yanzu kuma ya fara gwada hannunsa a Turanci, shi ya miƙe ya ce abin da ke damunsa ƙarancin kalmomi, ina mafita? Sai wani dattijo daga cikinmu, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce masa ai wannan magani a gonar yaro yake: ya nemi ƙamus, ya fara daga harafin farko, kullum ya haddace kalma goma, kafin shekara ta zagayo sai ya ba kowa mamaki. Aka tafa. Yaro ya sunkuya ya rubuta a ɗan littafinsa. Ni kuwa nauyin baki ya hana ni magana a wurin, na koma gida abin yana cina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni dai a ganina wannan shawara cuta ce, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka ba da ita. Ita ce uwar dogon Turancin nan da ya cika rubuce-rubucen matasanmu, inda za ka karanta shafi guda ka ga kalmomi jibga-jibga sun yi cirko-cirko, babu wadda ta san ta kusa da ita, kamar fasinjojin da suka haɗu a tasha. Kalma ba tsakuwa ba ce da za a tsinta a jefa aljihu. Kowace kalma tana da iyaye, tana da 'yan'uwa, tana da garin da ta fito da kuma abokan da ta saba zama da su. Wanda ya san kalma tare da danginta ya mallake ta, har ta jawo masa wasu goma a kyauta. Wanda ya haddace ta ita kaɗai aro ya yi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Mu fara da ita kanta kalmar ƙamus ɗin da aka ce yaro ya haddace. Malamanmu na zaure sun san wani babban littafin lugga mai suna Alƙamusul Muhiɗ, na Fairuzabadi wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15. Ma'anar sunan ita ce teku mai kewaye. Saboda shaharar da littafin ya yi ne Larabawa suka koma kiran kowane littafin kalmomi ƙamus, mu kuma muka karɓa daga bakinsu. Masana lugga da yawa suna ganin su ma Larabawan aro ta suka yi daga Girkanci, daga "okeanos", wadda ita ce ta haifi "ocean" ta Turanci. Ka ga ke nan ƙamus da "ocean" 'yan ɗaki ɗaya ne. Don haka duk wanda ya ce wa yaro ya haddace ƙamus, ludayi ya miƙa masa ya ce ya je ya kwashe teku.

In ana ganin wasa nake yi, mu buga lissafi. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, aka sake fitar da shi a 1989 cikin juzu'i 20, yana ɗauke da kalmomi fiye da rabin miliyan. Kalma goma a rana ta kama 3,650 a shekara. Ke nan yaronmu yana bukatar sama da shekara 130, in har bai yi fashin kwana ɗaya ba, bai kuma manta ko guda ba. Za a ce ai ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta ake nufi. To, mu ɗauki na Michael West, wanda da yawa daga cikinmu muka yi wa bango da takardar siminti. Ya fito a 1935, yana bayanin kalmomi da jimloli 24,000, wato haddar shekara shida da rabi. Amma darasin da ke cikin littafin nan, wanda masu hadda ba su lura da shi ba, shi ne duk wannan bayani an yi shi ne da kalmomi 1,490 kacal. Mai littafin da kansa yana nuna maka cewa kalmomi kaɗan da aka sani ciki da bai za su iya ɗaukar nauyin dubbai.

Ba da ka nake magana ba, ni ma an ba ni wannan magani na sha. Muna aji uku a sakandare muka sami wani malamin Turanci mai son manyan kalmomi kamar ransa. Kowace Litinin zai rubuta mana ashirin a allo, ranar Juma'a mu kawo hadda, wanda ya faɗi ɗaya bulala ɗaya. Wata rana aka ba mu insha'i a kan hutun da muka yi, ni kuwa a hutun nan wuta ta ɗan lashi jinkar ɗakin girkin kakata, aka kashe ta da ruwa bokiti biyu. Na rubuta cewa "conflagration" ta auku a gidanmu. Malam ya ja layi ƙarƙashinta, ya yaba mini a gaban aji. Na taso a kan haka, ba na zagaya gari sai dai in yi "perambulate", ba na tambayar kowa sai dai in yi "interrogate". Sai da na kai labarina na farko wajen wani edita, na sa wannan wuta a ciki, ya dawo mini da shi ya yi jajir da jan biro, ya tambaye ni unguwa nawa ce ta ƙone. A ranar na gano "conflagration" gobara ce mai cin unguwa ko gari ko daji. Shekara da shekaru ina riƙe da kalmar, na san ma'anarta, ban san nauyinta ba. Da wannan jahilcin ake so mu gadar wa ƙannenmu?

Abin takaicin shi ne, Bahaushe ba ya cikin waɗanda ya kamata a zaunar a koya wa wannan darasi, domin da shi ya tashi. Wane ne a cikinmu ya zauna ya haddace saya, da sayo, da saye, da sayar, da sayu, ɗaya bayan ɗaya? Saiwa ɗaya muka sani, kunnenmu ya san aikin da kowane ƙarshe yake yi, shi ya sa ɗan shekara biyar in ya ji "ɗinko" karon farko ya san ɗinki za a yi a kawo nan. Baturen nan F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, amma kafin ya kasa su kakanninmu suna ta aiki da su ba su sani ba. Haka ɗafa-goshin nan "ma": rubuta ta ba mu marubuci, buɗe ta ba mu mabuɗi, karanta ta ba mu makaranta, ƙera ta ba mu maƙeri da maƙera. Wanda ya yi karatun zaure kuwa ya fi kowa sani. Ya san hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga baƙaƙe uku na Larabci suka fito, ya san ilimi da malam da alama gidansu ɗaya, haka sallama da salama da Musulmi. To me ya sa in muka zo kan Turanci sai mu tuɓe wannan basira mu bar ta a bakin ƙofa tare da takalmanmu?

Alhali kuwa Turanci ma haka yake. Fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗinsa daga Latin da Faransanci suka zo, ga kuma na Girkanci, kuma yawancinsu a harhaɗe suke kamar ƙarafan keke, ana iya kwance su a ga abin da ke ciki. Mu ɗauki wadda ta shafi sana'armu. A Latin "scribere" rubutawa ce. Ɗora mata hannu, wato "manus", ka sami "manuscript", rubutun hannu. Ɗora mata "pre", wato kafin, ka sami "prescribe", abin da likita ya rubuta kafin a ba ka magani. Ɗora "sub", wato ƙarƙashi, ka sami "subscribe", domin mai yin rajista yana sa hannu ne a ƙarƙashin takarda. Ga "describe", ga "inscription", ga "transcript", ga "scripture", ga "scribble". Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Haka "portare", ɗauka: "porter" ɗan dako, "import" ɗauko ciki, "export" ɗauka waje, "transport" ɗauka a ƙetare, "report" ɗauko labari a dawo da shi, "deport" ɗauke mutum a fitar, "portable" abin da ke ɗaukuwa. Haka "specere", duba: mai "inspect" yana leƙa ciki, mai "respect" yana waiwayowa ya sake dubanka saboda girmanka, "spectator" ɗan kallo, "spectacles" tabarau. Saiwa uku na kawo, ga kalmomi wajen ashirin sun biyo ni gida, kuma gobe in na gamu da "circumspect" a cikin littafi, na riga na san mai dube-dube ne kafin ya taka.

Wani abin daɗin kuma shi ne asalin kalma yana buɗe wa marubuci ido a kan aikinsa. "Text" daga "texere" ta fito, wato saƙa, ita ce 'yar'uwar "textile" da "texture". Ashe Romawa ma sun ɗauki rubutu a matsayin saƙa, kamar yadda mu ma muke cewa wane ya iya saƙa labari. "Context" kuwa abin da aka saƙa tare, shi ya sa in ka zare jimla daga cikinsa take warwarewa. "Plagiarism", wadda muke kira satar fasaha, ta fito daga kalmar Latin mai nufin ɓarawon mutane, mai sace ɗan wani ko bawan wani. Duk wanda ya san haka ba zai ƙara ɗaukar kwafar littafin ɗan'uwansa ƙaramin laifi ba. "Magazine" daga Larabci take, daga "makhazin", rumbuna ko ɗakunan ajiya, ta bi ta Italiya da Faransa, sai a 1731 aka fara laƙaba ta ga mujalla a Landan. Wasu ma danginsu suna bakinmu kullum. Sukari da "sugar" uwa ɗaya, gahawa da "coffee" haka, sifiri da "cipher" da "zero" haka. Takarda, wadda masana suka bi sawunta ta bakin Abzinawa har zuwa "charta" ta Latin, ita ce 'yar'uwar "card" da "chart" da "charter". Asibiti da otal kuwa, wato "hospital" da "hotel", duka daga "hospes" ne, baƙo ko mai saukar baƙo, tare da "host" da "hostel" da "hospitality". Wace hadda ce za ta ba ka wannan?

Amma babbar fa'idar sanin asali ita ce yana warkar da mutum daga bautar babbar kalma, domin yana nuna masa dalilin da ya sa Turanci ke da kalma biyu ko uku ga abu ɗaya. Turanci hawa-hawa ne kamar bene. Hawa na ƙasa shi ne harshen ƙabilun da suka ƙetaro zuwa tsibirin Birtaniya daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5. Daga gare su aka sami kalmomin gida da gona da jiki: "house", "bread", "water", "mother", "hand", "love", "eat", "sleep". Har yau kalmomin da Bature ya fi furtawa a yini kusan dukkansu daga nan suke. Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan Viking suka fara kai hari, daga baya suka zauna, suka bar "sky" da "egg" da "knife" da "window", wadda asalinta idon iska ne, har ma da "they" da "them". Sai babban juyi na 1066, lokacin da William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi. Wajen shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da kotu, Turanci ya koma harshen talakawa. Dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci a kotunan Ingila sai a 1362 aka yi ta, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Shi ya sa "court" da "judge" da "jury" da "prison" da "parliament" da "government" duk na Faransa ne. Shi ya sa kuma dabba tana da suna ɗaya a makiyaya, wani a kan tebur: "cow" da "sheep" da "calf" sunaye ne na tsohon Turanci, amma namansu "beef" da "mutton" da "veal" na Faransanci ne. Hawa na sama shi ne Latin da Girkanci na malamai, waɗanda suka yi ta kwararowa bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476.

Saboda haka ne za ka ga "ask" da "question" da "interrogate", ko "rise" da "mount" da "ascend", ko "kingly" da "royal" da "regal", ko "fire" da "flame" da waccan "conflagration" tawa. Ta farko ta tsakar gida ce, ta biyu ta fada, ta uku ta zauren malamai. Mai hadda gani yake ta ukun ta fi saura daraja tunda ta fi tsawo, sai ya yi ta cusa ta ko'ina. Mu gwada da Hausa a ji yadda abin yake a kunne. Muna da mutuwa, muna da rasuwa, muna da wafati. Duka abu ɗaya suke nufi a ƙamus. To, in wani baƙo mai koyon Hausa ya zo ya ce maka akuyarsa ta yi wafati, za ka ce ya iya Hausa? Dariya za ka yi har da hawaye. Wallahi haka rubutun wasunmu yake a kunnen mai harshen: mace tana "interrogate" ɗanta ko ya ci abinci, tsoho yana "ascend" jaki, saurayi yana "procure" wa budurwarsa gyaɗa. Akuyoyi ne ke ta wafati shafi bayan shafi, mu kuma muna tafi.

Kada a ɗauka wannan cuta tamu ce mu kaɗai. Su kansu Ingilishi sun yi wannan rigima a ƙarni na 16, lokacin da wasu malamansu suka dinga kwaso kalmomin Latin suna jibgawa a rubutu don a ce sun yi karatu. Abokan hamayyarsu suka yi wa irin waɗannan kalmomi laƙabi da "inkhorn terms", wato kalmomin ƙahon tawada, don ba su da gida sai cikin kwalbar tawadar malam. Thomas Wilson ya caccake su a littafinsa na balaga a 1553. Lokaci ne ya raba gardama: waɗanda ake bukata suka zauna, sauran suka mutu. "Impede" tana nan da ranta, kishiyarta "expede" ta bi ruwa. A 1946 George Orwell ya sake ɗaga maganar, ya zargi 'yan siyasa da marubuta da fakewa a bayan manyan kalmomin Latin don ɓoye rashin abin faɗa. A nan gida kuwa, a je a ɗauko Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, a ƙirga mini sau nawa mai karatu zai nemi ƙamus a babi guda. Littafin ya zagaya duniya da kalmomin tsakar gida. In an kawo mini Wole Soyinka a matsayin hujja, sai in ce shi ya san dangin kowace kalma da ya ɗauko, ya san abin da ya sa ya zaɓe ta ya bar ta kusa da ita. Mai kwaikwayonsa da hadda nauyin kawai ya gani, bai ga ma'aunin ba.

Dangantakar kalma ba ta tsaya ga jini ba, akwai ta zama. Akwai kalmomin da ma'anarsu ta yi kusa amma halinsu ya bambanta. Ka ce wa mace "slim" ka yabe ta, ka ce mata "skinny" ka zage ta, kamar dai siririya da ramammiya. "Childlike" yabo ne, "childish" zargi. Na taɓa zama a wani taro inda mai gabatarwa, cikin murna, ya kira babban baƙo "notorious" yana nufin "famous", bai san ita ta wanda ya yi ƙaurin suna ba ce. Wani likita mai suna Peter Mark Roget ya fitar da littafi a 1852 wanda ya jera kalmomi bisa ma'anarsu maimakon bisa haruffa, yau kuma irinsa yana cikin kowace kwamfuta da waya. Kayan aiki ne mai kyau ga wanda ya riga ya san kalmomin yana neman a tuna masa. A hannun mai hadda kuwa reza ce a hannun jariri, domin duk kalmar da ta fi tsawo a jerin ita zai danna. Sannan akwai abokan zama. Bature yana cewa "heavy rain" da "strong tea", in ka musanya su an gane baƙo ne. Yana "make" kuskure, yana "do" aiki, yana "commit" laifi. Wannan ma ba sabo ba ne gare mu. Wanda ya haddace cewa ci na abinci ne, sha na ruwa, yaya zai yi da cin kasuwa, cin amana, cin bashi, cin jarrabawa, shan iska, shan kashi da shan alwashi? Wannan ilimi ba a samunsa a jerin kalmomi, sai a cikin jimla, jimla kuwa sai a cikin littafi.

To, kada kuma masu son asali su yi murna da wuri, domin ina da magana da su. Akwai wasu 'yan'uwanmu da suka ɗanɗana wannan fanni sai ya hau musu kai, duk kalma biyu da suka yi kama sai su ɗaura musu aure. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. "Pen" da "pencil" sai ka rantse wa da ƙane ne, alhali ta farko daga gashin tsuntsu take, ta biyun daga kalmar da ke nufin ɗan wutsiya, wato burushin zane. "Alkali" ta masu kimiyya daga Larabcin tokar wata ciyawa take, babu abin da ya haɗa ta da alƙalinmu na kotu. Har yau ana gaya wa yara cewa "news" haruffan farko ne na kusurwoyin duniya huɗu, alhali jam'in "new" ce kawai, sababbin abubuwa. Shekaru aru-aru muna faɗa wa juna cewa boko daga "book" ta fito, sai ga Paul Newman a 2013 ya nuna cewa kalmar Hausa ce tsantsa mai nufin algus ko abin ƙarya, irin wadda ke cikin amaryar boko, kuma ƙamus na Bargery na 1934 ya riga ya kawo wannan ma'ana. Asali ba a cankarsa, dubawa ake yi.

Sannan asali ba alƙali ba ne. Yana gaya maka inda kalma ta fito, amma inda take zaune yau sai masu harshe. "Nice" daga kalmar Latin mai nufin jahili take, "silly" a da mai albarka take nufi, "school" kuwa a Girkanci hutu ne, abin da kowane ɗan makaranta zai ƙaryata. Ɗafa-goshi ma yana yaudara. "In" takan kore ma'ana, kamar a "invisible", amma wanda ya ga "inflammable" a jikin tankar mai ya ɗauka ba ta kama wuta, ya ƙyasta ashana, to sai dai a yi wa iyalansa gaisuwa. Don haka abin da nake kira gare shi ƙafa biyu gare shi: sanin dangi da yawan karatu. In aka cire ɗaya, ɗingishi za a yi.

Na san abin da za a mayar mini. Wani zai ce mu da ba mu yi Latin ba ina za mu san wannan? Ba sai ka yi ba. Manyan ƙamusoshi suna kawo asalin kalma a gindin bayaninta, wurin da idonmu ya saba tsallakewa, yanzu kuma da intanet abin yana tafin hannunka. Wani zai ce ai hadda ce ta fitar da mu jarrabawa. Na yarda, amma jarrabawa awa uku ce, marubuci kuwa mai karatunsa yana jarraba shi a kowane layi, kuma ba ya ba da makin tausayi, rufe littafin kawai yake yi. Wani kuma zai ce me ya kawo zancen Turanci a tsakanin masu rubutun Hausa? Ai da yawanmu da harshe biyu muke rubutu, wasu fassara suke ci da ita, kuma wanda ya saba kwance kalmar Turanci ya ga cikinta shi ya fi iya samo mata sunan Hausa da zai zauna. Wanda bai iya ba sai ya kwaso ta ɗungurungum ya dasa a tsakiyar jimla. Sabon tonon asali kuma in ya kama mutum ba ya tsayawa a harshe ɗaya, zai dawo da shi kan Hausarsa ya fara tambayar daga ina kasuwa ta zo, daga ina alkyabba, daga ina kwabo da sisi da sule.

Saboda haka, ƙanena da ka yi tambaya, ga tawa shawarar in za ka karɓa. Yage shafin nan na kalma goma. Nemi littafin da kake jin daɗinsa ka karanta, kullum, ko da shafi biyar ne. In ka gamu da baƙuwar kalma kada ka yi saurin buɗe ƙamus, fara dubanta tukuna: mene ne a goshinta, mene ne a ƙeyarta, wace saiwa ce a tsakiya, da su wa take zaune a jimlar? Ka yi hasashe, sannan ka buɗe ka gani ko ka dace, ka kuma karanta har gindin bayanin inda aka faɗi asalinta. Ka ware littafi guda, kowane shafi gida ɗaya, ka rubuta saiwa a sama, duk ɗan gidan da ka haɗu da shi ka shigar da shi tare da jimlar da ka tsince shi a ciki. In ka zo rubutu kuma kalma uku suka tsaya a gabanka, ka tambayi kanka wa ke magana, da wa yake yi, a ina, sannan ka zaɓa, kuma kada ka ji kunyar ɗaukar ƙaramar in ita ce ta dace. Kalma biyu a mako ta wannan hanya sun fi saba'in na hadda, domin su ba za su gudu ba.

Shi kuma dattijonmu, Allah ya ƙara masa girma, na san alheri yake nufi, kuma na san haka aka koya masa kamar yadda aka koya mini. In yana ganin na kauce, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalaminsa a fitowa ta gaba, ni mai sauraro ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu ci gaba da tura yaranmu bakin teku da ludayi, in sun dawo da dogon Turanci kuma mu zauna muna kukan ba a karanta littattafanmu. Allah ya sa mu dace, amin.